Yadda Ake Zaɓen Tsohon Gatari a Gwanjo a Mayar da Shi Bakin Aiki

Tsatsa ba ta cika kashe gatari ba. Abin da ke kashe shi zafi ne: wutar da aka jefa shi don a ƙone guntun ƙota, ko injin giranda da aka danna wa bakinsa har ya yi shuɗi. Wanda ya gane wannan zai iya ɗaukar ƙarfen da kowa ya raina a tulin 'yan jari-bola, ya bar mai ƙyalli wanda aka riga aka lalata.

Dalili kuwa shi ne, ba dukan jikin gatari ne ke da tauri ba. Baki kawai ake gasawa a tsoma a ruwa ko mai, kamar santimita biyu zuwa uku daga kaifi. Sauran jiki ana barinsa da ɗan laushi don ya shanye bugu kada ya fashe. Wannan ɗan zirin na baki shi kake biya wa kuɗi. In an cinye shi da wasawa, ko wuta ta sassauta shi, abin da ya rage ƙarfen awo ne.

Abin dubawa kafin a yi ciniki

Wuraren nema sanannu ne: Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai, shagunan kayan gwanjo da ake saukewa daga Turai, da kasuwannin ƙauye inda maƙera ke baje tsofaffin ƙarafa. Ka tafi da ƙaramin magagari da guntun sandfefa a aljihu.

Ka fara goga magagarin a baki. In ya zame, ko ya ɗan ciza da ƙyar, taurin na nan. In ya nutse yana zubo gari a sauƙaƙe, kamar yadda yake cin ƙusa, to wannan ya sha wuta. Sannan ka rataye kan gatarin da waya ko igiya ka ƙwanƙwasa shi da wani ƙarfe. Lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙararsa a dakushe take, nan take ta mutu.

Tsaga ta fi ɓuya a gefen ramin ƙota, inda ƙarfe ya fi siranta. Ka goge wurin ka duba cikin rana. Ka duba ƙeya kuma: in ta baje ta yi leɓe, an mayar da gatarin guduma. Ɗan leɓe kaɗan magagari na ɗauke shi, amma in bugun ya kai ramin ya buɗe ko ya karkace, babu ƙotar da za ta zauna a ciki daram. Walda a kusa da baki ma alamar a wuce ce. Ramukan tsatsa a kumatu ba komai ba ne, ado ne na tsufa. Waɗanda suka sauko kan kaifi su ne matsala, domin sai ka cinye ƙarfe har ƙasan ramin kafin baki ya miƙe.

Tambarin kamfani yana taimakawa, ko da yake ba ya maye gurbin magagari. Elwell da Brades na Ingila ne, haka Spear & Jackson da Marples na birnin Sheffield. Collins na Amurka ne, masana'antarsu ta yi aiki daga 1826 zuwa 1966. Hults Bruk da Gränsfors na Suwidin ne. Adda mai tambarin kada da ta cika Afirka ta Yamma asalinta na kamfanin Martindale ne na Ingila. In ka ga an rubuta W. Germany, an ƙera kayan ne kafin haɗewar Jamus a 1990. Alamar kan kibiya mai layi uku kuma tana nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne, galibi na soja. Gatarin maƙeranmu ba ya ɗauke da suna, amma wanda aka ƙera da sifirin mota ƙarfensa na ƙwarai ne, sau da yawa ya fi sabon na kanti mai jan fenti. Da tsohuwar zuma ake magani.

Cire guntun ƙota

Kada ka saka shi a murhu, ko da maƙwabci ya ce haka ake yi. Ka yanke ƙotar da zarto daf da ƙarfe, ka huda itacen da ya rage a ramin da diril wuri huɗu ko biyar, kana kauce wa ƙusoshi da guntayen ƙarfen da masu shi na baya suka cusa. Sai ka ɗora kan a kan katako biyu ka buga da guntun rodi. A gatarin Turai ramin ya fi faɗi ta sama, amma da yake ka yanke ƙotar, ta kowane ɓangare itacen ya fi saurin motsi ka bi ta nan.

Tsatsa

Ka fara da wankin sabulu ko kananzir don cire maiƙo, domin tsami ba ya ratsa mai. Bayan haka buroshin waya. Sau da yawa nan ma ya isa, kuma gara a tsaya nan: baƙin da ke ƙarƙashin jar tsatsa kariya ne ga ƙarfe, ba datti ba. Mai tara kayan tarihi ba ya son gatarin da aka goge ya koma fari fes.

In tsatsar ta yi ɓawo, sai a jiƙa. Ruwan khal (wato binega) fari na girki, mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, ya wadatar. Ka zuba a roba, ba kwanon ƙarfe ba, ya rufe kan gatarin gaba ɗaya. In wani sashe ya leƙo waje, tsamin zai zana layi a daidai bakin ruwan, layin da ba ya gogewa. Ka bar shi awa goma sha biyu, ka fitar ka goge, in da saura ka mayar. Kada ya wuce kwana ɗaya a jere, don bayan ya gama da tsatsa ƙarfen yake komawa ci, ya bar shi da kaushi, ya kuma shafe tambari. Inda babu khal, jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri ko ruwan lemun tsami na yin aikin, sai dai a hankali.

Jiƙon yana da wata riba: bakin da aka taurara yana fitowa da duhu fiye da sauran jiki, sai ka ga iyakarsa ƙarara, ka san nawa ya rage maka.

Da ka fitar, ka ɗauraye da ruwan da aka narka kanwa kamar cokali biyu a lita ɗaya don kashe tsamin, ka sake ɗauraye da ruwa zalla saboda gishirin da ke cikin kanwa, ka tsane da tsumma, ka shanya a rana, ka shafa mai nan da nan. Ƙarfen da ya fito daga tsami cikin 'yan mintoci yake sake yin ja. Man keken ɗinki ya yi. Man kaɗe da aka narka da ɗan kakin zuma ya fi daɗewa. Baƙin mai na mota yana hana tsatsa, amma ba a shafa shi a kayan da za su taɓa nama ko abinci ba.

Gyaran baki

A nan aka fi yin ɓarna. Masu wasa wuƙa da inji suna da sauri, amma siririn baki cikin daƙiƙa yake ɗaukar zafi. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ya kai wajen digiri 230, in ya yi shuɗi ya kusa 300, kuma wurin ya yi laushi ke nan har sai an cinye shi. In dole sai inji, a riƙa taɓawa kaɗan ana tsomawa a ruwa, da hannu tsirara a kan ƙarfen don a ji ɗuminsa.

Magagari ya fi aminci. Ka ɗaure gatarin kada ya motsa, ka sa safar hannu. In baki ya gutsure, ka fara goge kaifin a tsaye har giɓin ya ɓace, kana bin lanƙwasar bakin ta asali, sannan ka dawo ka fitar da kaifi. Magagari gaba kawai yake ci, ka ɗaga shi in za ka dawo. Ka ƙirga shafa a kowane gefe don kaifin ya zauna a tsakiya.

Gatarin sara yana son kusurwar digiri 25 zuwa 30, na faskare 35 ko fiye. Kumatun su zama da ɗan tudu, kada a kwarfe su. Baki mai kwarmi yana maƙalewa a itace, yana kuma karyewa in ya haɗu da busasshiyar ƙirya. In ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ta ɗaya gefen tun daga sama har ƙasa, ka isa. Sai dutsen wasa da ruwa, ana zagayawa, a ƙarasa a kan tsohuwar fata. Gizago da cizal kuwa gefe ɗaya ake wasawa, bayan a bar shi a shafe.

Ƙota

A Amurka itacen hikori ake amfani da shi. A nan marke da aduwa da ƙirya sun daɗe suna wannan aiki. Gawo da rimi ba su da ƙwari. Abin da ya fi nau'in itace muhimmanci shi ne bushewa: a bar shi a inuwa wata shida zuwa shekara. Ƙotar da aka saka da ɗanyen itace, ko aka saka a tsakiyar damina, tana tsukewa da zarar iskar hunturu ta kaɗa, kan ya fara girgiɗi. Saboda haka lokacin rani ne lokacin saka ƙota. Jiƙa ta a ruwa don ta kumbura dabarar yini ɗaya ce: itacen na matsewa a jikin ƙarfe ya murƙushe, in ya bushe ya fi dā sako-sako.

Tsawo yana bin nauyi. Kai mai giram 600 zuwa 800 yana son santimita 35 zuwa 40, mai kilo ɗaya wajen 60 zuwa 70, mai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu kuma 80 zuwa 90. Ka zaɓi itacen da jijiyarsa ta miƙe daga kai har gindi, babu ƙulli.

Ga gatarin Turai, ka sassaƙe kan ƙotar kaɗan-kaɗan. Ka zura, ka fitar, inda ƙarfe ya bar baƙin tabo nan za ka kankare. Ka riƙa hangowa daga gindin ƙota don kaifi ya yi layi ɗaya da ita. Idan ya kusa zama, ka tsaga kan ƙotar da zarto, tsagar ta bi tsawon ramin, zurfinta kashi biyu cikin uku na ramin. Ka zura, ka riƙe gatarin kai a ƙasa yana lilo, ka bugi gindin ƙotar da guduma ta katako, kan zai hau da kansa. Sai ka shafa wa weji, wato guntun busasshen itace mai siririn baki, gam ɗin kafinta, ka buga shi cikin tsagar har ya ƙi shiga, ka yanke saura ka bar rabin santimita a sama. Ƙusa ba weji ba ce, tsaga itace take yi.

Gatarin gargajiya tsarinsa daban ne: wutsiyar ƙarfen ce ke shiga cikin ƙullin kan ƙota, kowane sara kuma ƙara cusa ta yake yi. Shi ya sa ake neman ƙota daga inda reshe ya rabu da uwa, ko daga gindin saiwa, inda jijiyoyi suka murɗe ba sa tsagewa. Ka fara huda ƙaramin rami, ka buɗa shi da wani ƙarfe mai zafi mai siffar wutsiyar. In da wutsiyar kanta za a ƙona, a naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a gasa ƙarshenta kaɗai. A tsaya tun ramin bai gama buɗewa ba, a kankare gawayin ciki, domin gawayi na rugurgujewa ya bar rami da faɗi. Ƙullin da ya fara tsagewa ba a ɗaure shi da waya a ci gaba da sara, sauya shi ake yi.

Ƙota ba ta son fenti ko banish, suna sa hannu kanta, suna kuma ɓoye tsaga. A goge da sandfefa, a shafa man kaɗe sau biyu ko uku, a bari ya sha. Kafin aikin gaske, ka gwada sara goma a kututture babu kowa a gabanka, ka sake duba wejin. Wurin ajiya kuma a rataye a bango, nesa da ƙasa, saboda gara da danshi.