Kurakuran da ake yi wajen sayar da sabbin kayan fentbol a Yamai

Yawancin kayan wasan harbin fenti, wato fentbol, da ake sayarwa a nan Yamai ba daga kanti suke fitowa ba. Wani ya dawo daga karatu a Faransa ko Maroko da su a cikin jaka, wani yayansa ne ya aiko masa daga Amurka, sai ya rasa abokan wasa, kayan su yi shekara biyu a bisa kwaba, ranar da buƙatar kuɗi ta taso ya sauko da su ya ce: “Sabbi ne fil, ban taɓa amfani da su ba.” Galibi kuma gaskiyarsa yake faɗi. Amma a wannan wasan, abin da ba a taɓa amfani da shi ba daban, sabon abu daban, kuma yawancin rigimar da nake gani tsakanin mai saye da mai sayarwa daga nan take farawa.

Mu fara da butalin iska, wanda iskarsa ce ke harba ƙwallon fenti daga bindiga, domin shi ne abin da na fi jin tsoro. Kowane butali yana da watan da shekarar da aka ƙera shi. A na alminiyom an buga su a jikin ƙarfen, kusa da wuya. A na zaren kabon suna kan takardar da ke manne a jikinsa. Daga wannan ranar shekarunsa suke fara tafiya, ko an cika shi ko ba a cika ba. Galibin butalan ana son a sake gwada ƙarfinsu da matsin ruwa duk shekara 5, kuma mafi yawan na zaren kabon idan sun cika shekara 15 an gama da su ke nan, ko da ba su taɓa ganin filin wasa ba. Na alminiyom yana ɗaukar matsin iska na psi 3000, wato kimanin bar 200 (psi da bar ma'aunan matsi ne). Na kabon yana kai 4500, sama da bar 300. A kwatanta da tayar mota da ake hura wa bar biyu da ɗoriya. Butalin nan kuma a kafaɗa ake jingina shi, dab da fuska. Saboda haka mai sayarwa da ya ce sabo ne bai faɗi shekarar ƙira ba, ya ɓoye rabin maganar, ko da bai yi nufin ɓoyewa ba. Gyaran ba wuya: a ɗauki hoton lambobin nan yadda za su karantu, a nuna wa mai saye tun kafin a shiga ciniki, a rage kuɗi gwargwadon shekarun da suka wuce. Idan wa'adin gwajin ya shige, a faɗa masa baki da baki.

Akwai wani kuskuren da ke rakiyar wannan, shi ne rashin gaya wa mutum inda zai cika butalin. Sabon shiga yana zaton mai facin bakin titi zai hura masa. Injin mai faci bai wuce bar 8 zuwa 10 ba, bai ko kama hanyar 200 ba. Sai an sami inji na musamman ko babban butali irin na masu nutso. Na sha ganin wanda ya biya kuɗinsa, ya je gida da murna, bayan kwana uku ya gane ba shi da hanyar harba ko ƙwallo ɗaya. Idan butalin na iskar CO2 ne, a faɗa, domin bindigogi masu aiki da batir da yawa ba sa son ta, tana lalata musu ciki. Ita kuma CO2 ba ta shiri da zafinmu: da zarar an haura digiri 31 matsinta yana hawa da sauri, a watan Afrilu kuwa Yamai tana wuce 40. Wanda ya bar cikakken butali a cikin mota a rana, ɗan faifan kariyar da ke kansa zai fashe, iskar ta fice duka. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa: kada a ɗiga mai ko giris a bakin da ake cika butalin iska mai matsi, wai don a nuna wa mai saye an kula da shi. Mai da iska mai wannan matsin suna iya kama wuta a ciki.

Sai ƙwallayen fentin. Ɓawonsu na jelatin ne, irin na kafson magani, cikinsu kuma ruwa ne mai kauri da launi, wanda ruwa ke wankewa. Kwali yana zuwa da guda 2000, leda huɗu, kowace da 500. An yi su ne don a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20, mu kuwa a ɗakin kwano muke ajiye su. Zafi yana sa su yi laushi su lotsa, laimar damina tana kumbura su, bushewar hunturu tana sa ɓawon ya yi ƙaras har ya fashe a cikin bindiga. Na taɓa sayen kwali biyu a hannun wani bawan Allah, leda a ɗinke ba a buɗe ba. Ranar wasa, a cikin goma da ƙyar uku suke fita daidai, sauran ko su fashe a bututu ko su karkace. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka yi tauri: ba sa fashewa a jikin mutum, sai su bar masa tabo. Mutumin bai cuce ni da gangan ba, shi dai ya ga leda a rufe. Da ya ɗaga ledar a haske zai ga maiƙo a ƙasanta da ƙwallaye manne da juna. Mai sayarwa ya faɗi watan da ya saya da inda ya ajiye, ya yarda a buɗe leda ɗaya a gaban mai saye. Ƙwallayen da suka yi bazara guda a ɗakin da ba na'urar sanyi, a ganina bai kamata a karɓi kuɗin sabo a kansu ba.

Maski kuwa, wato abin rufe fuska, idon mutum ne ake sayarwa tare da shi. Ƙa'idar filayen wasa ita ce kada gudun ƙwallo ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wajen mita 90, kuma wannan ya isa ya tsiyaye ido. Maskin da aka yi don fentbol yakan ɗauki alamar ASTM F1776 a jikinsa ko a kwalinsa. Kuskuren da nake gani shi ne a haɗa tabarau na masu babur ko na masu walda a cikin kaya, ko maskin raga na wasan ƙananan ƙwayoyin roba, a ce kyauta ce. Raga ba ta tare fenti da ɓaraguzan ɓawo. Gara a bar mutum ya je ya nemi na gaske da a ba shi wanda zai dogara da shi banza. Ko maskin na gaske ne, a cire gilashin a duba gefunansa a haske, domin nan ne tsagewa ke farawa. Kada a goge shi da maganin goge gilashin mota ko alkol don ya yi ƙyalli a hoto, yana raunana robar. Ruwa da tsumma mai laushi sun isa. Soson da ke zagaye da ido ma yana ruɓewa da zafi, a taɓa shi a ji.

Bindigar kanta ba ta cika ba da wahala ba. Irin su Tippmann 98 Custom suna jure ajiya. Abin da ke bushewa shi ne ƴan zobban roba na ciki, sai a ji iska tana tsiyaya da an ɗaura butali. A gwada kafin a kira mai saye. Idan an gwada, a ce an gwada, kada a ce ba a taɓa ɗaura mata iska ba. A faɗi ainihin sunanta da lambar jikinta da girman ƙwallon da take ci, domin akwai .68, wanda shi ne aka fi sani, akwai .50, akwai .43, kuma ba sa shiga wa juna. Haka bututu, kowane samfurin bindiga da irin murɗinsa: na Autococker daban, na Tippmann 98 daban, na Spyder daban. Hoto kuma ya zama na kayan da ke hannunka, a kan tabarmarka, ba wanda kamfani ya ɗauka ba. Maganar garanti a yi hankali da ita, kamfanoni da yawa mai sayen farko kaɗai suka sani, shi ma sai da takardar saye, kuma kuɗin aika bindiga zuwa Ingila ko Amurka don gyara yana iya fin gyaran.

Kuɗi a faɗe shi tun farko, a faɗe shi a sarari. “Zo mu yi magana” yana ɓata wa kowa lokaci. Mu kuma da lissafinmu biyu: wanda ya ce dubu goma yana nufin dala, ya ce jika hamsin ke nan, wani kuwa jika goma zai ji. A rubuta adadin da sefa, a ce ko da ragi ko babu. Kada a ɗora wa mai saye duk abin da aka kashe na jirgi da duwan shekara uku da suka wuce kamar jiya aka sauke kayan.

Saura batun miƙa kaya, wanda a halin tsaron da ƙasarmu take ciki ba abin wasa ba ne. Wasu bindigogin fenti an ƙera su da siffar bindigar soja, daga nesa ba mai bambancewa. Kada a ɗauki hoto ana riƙe da ita a ƙofar gida, kada a fito da ita a fada ana shan shayi don abokai su gani, kada a rataya ta a bisa babur. Kafin a sa ta kasuwa, a je komisariya da takardar saye a tambayi abin da ake buƙata, a bi abin da suka ce. A cire bututu da mazubin ƙwallaye da butali, kowanne a kwalinsa. Idan mai sayen yaro ne, amsar ita ce: “Ƙanena, je ka zo da babanka ko yayanka, da shi zan yi ciniki.” Wanda kuma ya ce ba ya son maski, bindigar kawai yake so, ni ba na sayar masa.

Idan mai sayen yana Tawa, kayan za su bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar sama da kilomita 500, da shingayen jami'an tsaro a hanya. A gaya wa masu karɓar saƙo a tasha abin da ke cikin kwalin, a sa kwafin takardar saye a sama yadda duk wanda ya buɗe zai fara ganinta, a rubuta lambar wayar mai aikawa a jiki. A zazzage iskar butalin gaba ɗaya kafin a rufe, domin ɗakin kayan bas yana yin zafi ƙwarai. Ƙwallaye kuma a naɗe su a tsakiyar tufafi, a ba motar da ke tashi da asuba.