Yadda za ka tsara burin riba a makarantar koyon karate a Sakkwato

1. Fara da rubuta abin da ke fita kowane wata: hayar ɗaki, albashin mai koyarwa, man janareta, ruwan sha. Hayar shekara ka raba ta gida 12, don a nan mutane suka fi yaudarar kansu.

2. Raba jimillar da kuɗin watan ɗalibi guda. A ce kana kashe ₦150,000, kana karɓar ₦5,000. Sai da ɗalibai 30 za ka fid da kuɗinka, riba daga na 31 take farawa. Masu biya kaɗai za ka ƙirga, ban da ɗan maƙwabci da ɗan yayanka da ake yi wa kara.

3. Sa wa burin adadi da rana, kamar "ɗalibai 45 kafin ƙarshen Disamba".

4. Duba kalandar gari. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan korar yara, haka ma watan azumi, don haka ka ware kuɗin wata biyu tun lokacin sanyi. Da la'asar kuma yara suna Islamiyya. Ajinsu na karate ya fi cika ran Alhamis da Juma'a, ko safiyar Asabar.

5. Karɓi kuɗin wata uku a dunƙule, ka ɗan yi rangwame. Bin bashin wata-wata yana ɓata zumunci.

6. Riƙe rajistar halarta. Yaron da ya yi fashin sati biyu, kira mahaifinsa a ranar, kafin ya saba da zaman gida.