Yadda Ake Shirya Ɗan Balaguro Zuwa Garin Gonakin Inabi

Kun sha tambayata, to ga matakan:

1. Zaɓi gari ɗaya tak, misali Saint-Émilion a Faransa ko Franschhoek a Afirka ta Kudu.
2. Duba lokacin girbi: wajajen Satumba a Faransa, Fabrairu zuwa Maris a Afirka ta Kudu.
3. Kama masauki da wuri, ɗakuna ba su da yawa.
4. Kira gonar kafin ka tashi. Hattara, nan ake yawan tuntuɓe: wasu ba sa buɗe wa baƙon da bai sanar ba.
5. In ba ka shan barasa, faɗa tun a waya, don gonakin kan ba baƙi barasar inabi su ɗanɗana.
6. Sa takalmi rufaffe, tsakanin kunyoyin akwai tsakuwa.
7. Nemi direba idan akwai masu ɗanɗana barasa a cikinku.