Saƙon "tura wa mutum goma" da saƙon "sabunta manhajarka": kurakuran da muka fi yi da wayoyinmu

Gargaɗi iri biyu ne ke shigowa wayar Bakano kusan kullum. Ɗaya yana zuwa ta guruf ɗin dangi ko na tsofaffin ɗalibai, da manyan baƙaƙe da jajayen alamomi, yana cewa a yi maza a tura wa kowa kafin gari ya waye. Ɗayan ɗan rubutu ne a saman fuskar waya, yana cewa an fitar da gyaran manhaja, a sauke. Na farko galibi ƙarya ne, amma shi muke bi a guje. Na biyu shi ne na gaskiya, shi kuma muna ta danna masa "anjima" har shekara ta zagayo.

Saƙon a-tura-wa-kowa ya girmi WhatsApp, ya girmi imel. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san takardar nan da ake miƙa wa mutane a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, wadda aka yi ta buga kwafinta har baƙaƙen suka dushe: wasiyyar Shehu Ahmad, wai hadimin masallacin Annabi (SAW) a Madina. Wai ya yi mafarki, an ba shi saƙo ga al'umma. Wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki ko a biya masa bashi, wanda ya ƙi masifa za ta auka masa. Sanannen malamin nan Rashid Rida, da ya rasu a 1935, ya ƙaryata ta tun zamaninsa. Shaikh Abdul'aziz bin Baz ma ya yi rubutu na musamman yana cewa ƙirƙira ce. Duk da haka tana nan da ranta, ta bar takarda ta koma waya. Ka lura da gininta da kyau, domin duk sauran da shi aka yi su: labarin da ba wanda zai iya tabbatarwa, alkawari ga wanda ya tura, barazana ga wanda ya ƙi, sai gaggawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna saƙo da mutuncin wanda ya turo shi. "Ai Yaya Malam ne ya turo, ba zai yi ƙarya ba." Gaskiya ne, ba zai yi ba. Amma ba shi ya rubuta ba, shi ma daga wani guruf ya ɗauko, wancan ma haka. Tambayar da za ka yi ita ce wa ya fara faɗa. Idan saƙo ya ce "wani likita a Indiya", ko "hukumomi sun tabbatar", ko "an sanar a rediyo jiya", ba sunan likitan, ba sunan hukumar, ba kwanan wata, to ba shi da uba. "Jiya" ɗin nan kuwa da gangan ake sa ta, don saƙon ya yi shekara goma yana yawo kullum yana sabo. WhatsApp da kansa yana ba ka alama. Tun 2018 yake rubuta cewa saƙo turowa aka yi, kuma idan ya bi hannu da yawa sai ya sa masa kibiya biyu. A 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma mai kibiya biyun aka mayar da shi wuri ɗaya tak. Ba don ado aka yi ba.

Sai masu cewa: "To in ma ƙarya ce, me na rasa? In kunne ya ji, jiki ya tsira." Suna kuma rubuta "kamar yadda na samu" a ƙasa, a ganinsu sun wanke hannu. A farkon Agustan 2014, makonni kaɗan bayan wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas da cutar Ebola, wani saƙo ya karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, kafin asuba. Mutane suka rinƙa tashin 'yan uwansu da kiran waya cikin tsakar dare, kowa da kyakkyawar niyya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti, kuma kowa ya san abin da gishiri mai yawa ke yi wa mai hawan jini. Ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, sai da ya fito ya ce babu wannan magani. Kowane ɗaya daga masu turawar nan "kamar yadda ya samu" ya tura. Hadisin da Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa ya rufe wannan ƙofa: ya ishi mutum ƙarya ya rinƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuwa umarni ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Binciken ba wani aiki ba ne mai wuya. Ɗauki jimla ɗaya daga saƙon ka zuba a Google, sau da yawa za ka tarar an ƙaryata shi shekaru da suka wuce. In hoto ne, Google Lens zai nuna maka inda ya fara fitowa, sai ka ga gobarar da aka ce ta Kantin Kwari ce ashe a wata ƙasa aka yi ta. Akwai Dubawa da Africa Check da aikinsu ke nan. Kuma ka yi wa kanka tambaya mai sauƙi: abu mai girman nan ya faru a Kano, a ce BBC Hausa ba ta ji ba, Freedom Radio ba ta ji ba, Aminiya ba ta ji ba, sai guruf ɗinku kaɗai?

Wasu saƙonnin ma tsofaffi ne aka sauya musu riga. A 1994 an yi ta yaɗa imel cewa duk wanda ya buɗe wasiƙa mai taken Good Times kwamfutarsa ta tashi aiki. Babu irin wannan ƙwayar cuta. Tun wajen 2017 ake cewa wani bidiyo mai suna Martinelli zai fito gobe ya lalata waya, har yau goben ba ta yi ba. Mu ma muna da namu: lambar da in ka ɗaga kiranta sai ka faɗi ka mutu. Ta tayar da hankali a 2004, ta dawo a 2011 har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce ba zai yiwu ba. Na fi jin haushin na 2002, wanda ya ce wa mutane su duba kwamfutarsu, in sun ga wani fayil mai suna jdbgmgr.exe da hoton 'yar tsana mai kamar beyar, su goge shi, cuta ce. Kowa ya duba ya gani, domin fayil ɗin na Windows ne tun asali. Mutane suka goge abinsu da hannunsu suna godiya ga wanda ya ankarar da su.

Wanda ya fi cin mutane a yau shi ne mai linki: tallafin gwamnati, data kyauta, guraben aiki, kujerar Hajji. Ka danna, a ce ka cike suna da BVN, sannan ka tura wa guruf biyar kafin kuɗi su shigo. Yawancin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, kuma ba hukumar da ke sa sharaɗin ka tura wa guruf biyar. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes.

Ɗan uwansa shi ne kiran nan mai ladabi. "Salamu alaikum Hajiya, an wuni lafiya? Daga guruf ɗin Islamiyya nake kira. Za a yi taro ta intanet da daddare, yanzu aka turo miki lamba shida ta shiga, daure ki karanto min in sa sunanki." Ya san sunan guruf ɗin domin ya riga ya ƙwace layin wata a ciki. Lamba shidan nan ita ce makullin WhatsApp ɗin Hajiya. Tana gama karantowa ya hau kansa a tasa wayar, ya fara bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya: a ranto min dubu hamsin zuwa gobe, asusuna ya samu matsala, ga wata lambar. Maganinsa na cikin saitin WhatsApp, a ɓangaren asusu: tabbatarwa mai mataki biyu. Ka zaɓi lamba shida taka ta kanka, ka haɗa da imel. Minti biyu ne. Ka yi wa kanka, ka karɓi wayar Umma da ta Baba ka yi musu. In kuma ɗan uwa ya nemi kuɗi a rubuce, kira shi ka ji muryarsa.

Akwai kuskuren masu gyara su ma. Kawu ya turo saƙo, yaro ɗan jami'a ya rubuta "ƙarya ne" a gaban mutum tamanin. Kawu ba zai janye ba, kuma gobe ba wanda zai saurari yaron. Ka bi shi ta gefe: "Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙon nan na duba, ashe tsoho ne, ga inda aka yi bayaninsa." Ka bar shi ya goge da kansa. Wanda ya tura kuma ya gano ba gaskiya ba ne, gogewa kawai ba ta wadatar ba, ya koma duk inda ya tura ya faɗa.

To, sai gargaɗin da muke wa kunnen ƙashi.

Sabunta manhaja ba sauya launi ba ne kawai. Mafi yawansa toshe ɓaraka ne da aka gano, kamar yaɓen soro kafin damina: ba ka ganin amfaninsa sai ranar da aka kwana ana ruwa. Kuma da zarar kamfani ya fitar da gyara, ya sanar da duniya ke nan inda ɓarakar take, ɓarayi su ma sun ji. A Maris 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Ranar 12 ga Mayu, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300, har asibitocin Ingila suka rinƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu gyaran na zaune yana jira. A Mayun 2019 kuma aka gano ana iya cusa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a waya ta hanyar kiran WhatsApp, ko da ba a ɗaga ba. Abin ban dariya, ga kira mai cutarwa na gaske, amma maganinsa ba tura wa mutum goma ba ne, shiga Play Store ne a sabunta.

Uzurorin mutane na gaskiya ne, ban raina su ba. Data na da tsada, waya ta cika, wani kuma ya taɓa sabuntawa wayar ta koma tafiyar hawainiya. Na farko, a yi da garaɓasar datar dare ko inda akwai Wi-Fi. Na biyu, bidiyoyin gurufan nan ne suka cinye wurin, a kashe saukarsu ta kai-tsaye a share na baya. Kafin babban sabuntawa na wayar gaba ɗaya, caji ya wuce rabi, kuma a ajiye kwafin hotuna da lambobi a asusun Google. Waya ta mutu ana tsaka da aikin, sai kasuwar waya ta Farm Centre, a can kuma in aka yi mata filashin komai ya tafi.

Inda ake samo manhajar ma magana ce. GB WhatsApp ya cika wayoyin garin nan saboda yana ɓoye cewa ka karanta saƙo, yana nuna wanda aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ya yi shi ba, ba ya Play Store, ba ka san wanda ka miƙa wa hirarrakinka ba, kuma ana rufe layi a kansa. Haka manhajar banki da aka tura maka ta Xender a shago. Haka tallan da ke faɗowa kana cikin kallo, waya na rawa, wai ta kamu da cuta goma sha uku, danna nan. Sabuntawa ta gaskiya wuri biyu take fitowa, saitin waya da kantin manhaja na hukuma.

Masu shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da ke kan Windows 7, Microsoft ta daina yi mata gyara tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da kowa ke soka mata filas daga safe zuwa dare ita ce ta fi bukatar kulawa.

Makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da yawa an gina musu shafin intanet da manhajar WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kanta. Kuskuren a nan iri ɗaya ne ko'ina: wani yaro ya gina, aka biya shi, ya tafi bautar ƙasa da lambar sirrin, ba a sake waiwayar abin ba sai ranar da iyaye suka buɗe shafin makaranta suka tarar da tallan caca. A ƙarshen Janairun 2017 an fitar da WordPress 4.7.2 don toshe wata ɓaraka, cikin 'yan makonni aka lalata dubban shafukan waɗanda ba su sabunta ba. Tun 2013 manhajar ke sauke ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta, sai dai wasu maginan na kashe wannan don kada a dame su. Ka tambaya ko a kunne yake. Lambar sirrin shafin da ta masaukinsa, wato kamfanin da ke ajiye shi a intanet, su kasance a hannun mai abin, a rubuce. Ƙananan manhajojin da ake jona mata, filogin, ta nan aka fi shigowa: wanda ba a amfani da shi a cire shi gaba ɗaya, na kuɗi da aka samo kyauta a wani lungu kada a sa, sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsa yake zuwa. Ranar sabuntawa a fara ɗaukar kwafin fayiloli da rumbun bayanai a sauke a wani wuri dabam, a sabunta filogin ɗaya bayan ɗaya ana duba shafin, don in wani abu ya karye a san wanne ne. Kuma kada a yi wannan aikin a makon da ake fitar da sakamakon jarrabawa ko rajistar sababbin ɗalibai, a bari sai an yi hutu.