Yadda Ake Zaɓe da Gyaran Tsohon Agogon Bango Mai Wani

Wanda yake son tara tsofaffin agoguna masu wani ya kamata ya fara da agogon bango mai lilo wanda ake wanawa sau ɗaya a mako, domin injinsa a buɗe yake, kayansa manya ne, kuma ba ya wuyar fahimta. Kamfanonin Amurka irin su Seth Thomas da Ansonia sun ƙera irinsa da yawa a ƙarni na 19, sannan Japanawa suka kwaikwaye su. Kintaro Hattori ya buɗe shagon agogo a Tokyo a 1881, ya kafa masana'antar Seikosha a 1892, kuma da agogon bango ta fara aiki.

Kafin a saya, a buɗe akwatin a duba tambarin da ke jikin injin, a gwada shi da na fuskar agogon, domin akan sami injin wani kamfani a cikin akwatin wani. Rubutun “Made in Occupied Japan”, wato an yi shi a Japan lokacin da take ƙarƙashin mamaya, yana nuna cewa an yi kayan tsakanin 1947 da 1952. Fuskar takarda da ta dafe saboda tsufa ta fi sabuwa daraja a wurin masu tarawa, don haka kada a sake mata fenti.

Idan aka kawo agogon gida aka ga ba ya tafiya, kada a yi gaggawar ɗiga masa mai. Mutane sukan ce an cika masa wani ne shi ya sa ya tsaya, alhali galibi tsohon mai ne ya daskare ya cakuɗe da ƙura, ya zama baƙin datti da ke cin ramukan da faya-fayai masu haƙora ke juyawa a ciki. Sabon mai a kan wannan datti ƙara ɓarna yake yi, fesa man sassauta tsatsa na WD-40 kuwa ya fi komai muni. A wuraren da ƙurar hunturu take da yawa, lalacewar ta fi sauri.

Abu mafi muhimmanci kafin a kwance ko noti ɗaya shi ne sauke ƙarfin sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake wanawa ya tafiyar da agogon. Ana ɗaure shi da zoben ƙarfe, a riƙe sandar wani da makulli mai mariƙin katako, a ɗage ɗan harshen da ke tare shi, a bar shi ya warware a hankali cikin zoben. Wanda ya raba farantan injin alhali sifirin yana ɗaure, zai iya yanke yatsa, haƙoran faya-fayan kuma su kakkarye. Bayan haka a ɗauki hoton injin ta kowane ɓangare, a kwance shi, a wanke kayan da ruwan wankin agogo, a goge cikin kowane rami da tsinken icce mai tsini har sai ya daina fitowa da baƙi. Ramin da ya buɗe ya zama kamar ƙwai yana bukatar sabon bushin na tagulla, wato ɗan zoben da ake cusawa a ramin don ya koma daidai, kuma gara a miƙa wannan aiki ga gwani idan babu kayan yinsa. Wajen mayarwa, man agogo ɗan kaɗan ake sawa a kowane rami da kuma bakin ƙarfen da ke tare faifan ƙarshe, amma haƙoran sauran faya-fayan a bushe ake barinsu.

Idan aka rataye shi, a saurari bugunsa. In tazarar da ke tsakanin bugu biyu ba ta daidaita ba, a karkata ƙasan akwatin dama ko hagu kaɗan har sautin ya daidaita, in ba haka ba zai tsaya. Agogon da ke gudu ana sassauta notin da ke ƙarƙashin lilonsa domin nauyin ya sauka, mai jinkiri kuma a ɗaga shi. Kada a mayar da dogon hannu baya a irin waɗannan injuna, kuma a cire lilon duk lokacin da za a ɗauki agogon.

Akwai wani rukuni da bai kamata sabon hannu ya taɓa ba, wato agogunan gargajiyar Japan da ake kira wadokei. Kafin 1873, Japanawa suna raba yini kashi shida, dare ma kashi shida, saboda haka tsawon sa'a yana canjawa da yanayin shekara. Wasu daga cikin agogunan suna da sandunan lilo biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare, kuma akan matsar da ƙananan nauyin da ke jikinsu kusan kowane kwana 15. Da hannu aka ƙera su ɗaya bayan ɗaya, ba a sayar da kayan gyaransu, don haka duk abin da ya karye sai dai ƙwararre ya ƙera wani. Wanda ya sami irinsa ya ajiye shi a busasshen wuri, ya nemi masani kafin ya tayar da shi.