Yadda Ake Zaɓen Tayar Daji ga Hilux da Land Cruiser

Tayoyin manyan motoci masu jan ƙafa huɗu iri uku ne, kuma kowace tana ɗauke da alamarta a gefe. Mai alamar H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana, ba ta ƙara, kuma ita ce yawancin motocin ke fitowa da ita daga kamfani. Mai M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya da wawakeken fili a tsakaninsu. Mai A/T tana tsakiya, ta kwalta da burji da yashi da ɗan caɓi. Ga wanda zai tashi daga Kano a kan kwalta, ya sauka burji, ya ƙarasa ƙauye a cikin rairayi, duk a yini ɗaya, A/T ce tayarsa.

Ido yakan ja mutum zuwa M/T saboda kwarjininta. Sai dai a kwalta tana kuka kamar jirgi, tana saurin suɗewa, birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na A/T ba, a yashi kuma haƙoranta haƙa suke yi, su binne motar. Wanda ya cancanci ya saye ta shi ne mai shiga laka kullum da damina, kamar baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Gamboru, ko hanyoyin ƙauyukan Mambila. In ba haka ba, asarar kuɗi ce.

Karanta gefen tayar kafin ka kalli zanenta

Buɗe ƙofar direba, za ka ga takardar da kamfani ya liƙa a jikin ginshiƙin ƙofa, ɗauke da girman taya da iskar da ta dace. Wannan shi ne ma'auninka, ba tayar da ka tarar a ƙafar motar ba, domin mai motar na baya yana iya sa abin da ya samu.

A ce an rubuta 265/65 R17 112T, wadda ake yawan gani a Hilux da Prado. Lambar 265 faɗin tayar ne da milimita. Ita 65 tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kimanin milimita 172. Lambar 17 faɗin da'irar rim ne, daga baki zuwa baki, da inci. Biyun ƙarshe su ne waɗanda masu saye ba su cika kallo ba, alhali su ke riƙe da rai. Lambar 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120. Da 110 ce, kilo 1,060 ke nan. 115 kilo 1,215. 121 kilo 1,450. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210.

Lambar nauyi kada ta taɓa gaza wadda kamfani ya rubuta. Harafin gudu yakan sauka idan aka koma taya mai kauri, kuma wannan ba laifi ba ne matuƙar direba ya san iyakarsa.

LT ko ta talaka

Nan ne zaɓin gaske yake. A girma ɗaya, zane ɗaya, kamfani ɗaya, ana iya samun taya iri biyu: mai ginin ƙaramar mota, da mai ginin motar kaya wadda lambarta ke farawa da LT, misali LT265/70R17 121/118S. Wasu kuma harafin C suke sawa a ƙarshe, kamar 205R16C ta tsofaffin Hilux. Daga nesa ba ka bambanta su. Ɗaga su za ka ji: LT ta fi nauyi, gefenta ya fi tauri, zanenta ya fi zurfi.

A daji, taya ba kasafai take mutuwa ta wajen zane ba. Ta gefe take mutuwa. Tushiyar karan dawa da aka sare a karkace bayan girbi, kututturen da ciyawa ta rufe, bakin dutse, ƙayar aduwa da ta bagaruwa, duk gefen suke nema, inda roba ta fi sirantaka. Hujin ƙusa a tsakiyar zane, in bai wuce milimita 6 ba, ana toshe shi a ci gaba da tafiya. Yankan gefe ba ya gyaruwa. Mai faci zai iya ɗinke shi ya liƙa ƙyallen roba daga ciki, motar ta fita daji a hankali, amma tayar ba ta sake zama abin hawa kwalta da gudu ba. Saboda haka motar da ke shiga gonaki da burtali, ko take ɗaukar buhu goma na masara a baya, LT ta dace da ita.

LT ɗin ma mataki-mataki ce. Matakin C (ba C ɗin ƙarshen lamba ba) ana lissafa ta da filai 6, wato shimfiɗa 6, iyakar iskarta 50 psi (psi ma'aunin iskar taya ne). D filai 8, 65 psi. E filai 10, 80 psi. Wannan ƙiyasin ƙarfi ne kawai, ba a nufin akwai shimfiɗa goma a ciki. Ainihin adadin yana rubuce da ƙananan haruffa kusa da bakin rim, inda aka faɗi shimfiɗar zane da ta gefe daban-daban. Yawancin tayoyi biyu ne a gefe, wasu kuma uku, kamar yawancin girman BFGoodrich KO2. Ga Prado da ba ta ɗaukar komai sai iyali, E ta yi yawa: motar za ta riƙa dukan mutane a gargada, ta ƙara shan mai, shokozoba ya gaji da wuri. C ko D sun ishe ta. E ta Land Cruiser 79 ce da Hilux mai lodi.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane. Tayar LT tana buƙatar iska fiye da ta talaka kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Waccan LT265/70R17 da ke ɗaukar kilo 1,450 sai a 80 psi take yin haka. A 35 psi ba ta wuce kusan kilo 860 ba. Wanda ya sa LT ya ci gaba da bin iskar da ke jikin ƙofa, ya kuma yi lodi, tayar za ta riƙa lanƙwasa tana zafi. Kowane kamfani yana da jadawalin nauyi da iska na tayarsa. A nan ake duba adadin da ya dace. Shi kuma 80 ɗin iyaka ce, ba iskar yawo ba.

Ƙara girma

Kusan kowane mai Hilux sai zuciyarsa ta raya masa ya sa babbar taya. Ga lissafin. Tsayin 265/65 R17 gaba ɗaya milimita 776 ne, na 265/70 R17 kuma 803. Bambancin milimita 27 ne, amma cikin motar rabinsa kawai yake tashi daga ƙasa, wato milimita 13, bai kai faɗin ɗan yatsa ba. A madadin haka, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda yake nunawa da kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari, motar ta ɗan yi nauyin tashi, birki ya ƙara aiki. Wannan mataki ɗaya yawanci ana iya zama da shi, kuma ƙarin tsayin gefe yana da amfani a yashi. Abin da ya wuce nan, kamar 285/70 R17, yakan goga madigadi ko jikin shasi, sai an ɗaga mota ko an yanke wani abu, ga wahalar da yake ɗora wa kuloci da boris ɗin ƙafa.

Kafin ka biya, a ɗaura ɗaya a ƙafar gaba, a sauke jak, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu a ji tazarar da ta rage. A tuna tazarar za ta ragu idan ƙafar ta faɗa rami da lodi. A kuma gwada ko sabuwar safaya za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

Idan da zaɓi tsakanin rim 17 da 18, na 17 ya fi a daji. Tsayin tayoyin kusan ɗaya ne, amma 265/60 R18 gefenta milimita 159 ne kawai, don haka dutse ya fi saurin kaiwa ga rim.

Faɗi kuma ba shi ke hana kafewa a yashi ba. Tsawon sawun da taya ke shimfiɗawa idan an rage iska shi ne ke ɗauke mota. Shi ya sa Land Cruiser masu ratsa Agadas zuwa Dirku suka daɗe a kan siririyar 7.50R16. Wanda ke son kwatankwacinta a sabon lissafi, 235/85 R16 ce, tsayinta milimita 806. Sai dai a lura da rim: tsohon rim mai zobe dole sai da tib da shimfiɗar robar da ke kare shi, ko da tayar tubles ce.

Shekarun taya

Nemi haruffan DOT a gefe, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe, cikin ɗan zagaye, su ne ranar haihuwarta: 3523 na nufin mako na 35 na shekarar 2023. A gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka in ba ka gani ba, juya tayar. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Nijeriya a 2007 da 2008, tayoyin irin waɗannan motoci daga waje ake kawo su, kuma suna iya daɗewa tsakanin jirgi da sito da shago. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman wadda aka jera a rana a bakin titi. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya shekara huɗu take ƙidaya wa taya daga ranar ƙira, saboda haka wadda ta yi shekara biyu a shago ta riga ta cinye rabin wa'adinta. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, kuma a duba kowace ɗaya, ba ta saman tari kaɗai ba. Shafa wurin lambar da yatsa: in ya yi kaushi kamar an kankare, ko lambobin sun karkace, bar ta.

Tayar tokumbo tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, ga shi kuma ba a ganin ciwonta. Zane na iya zama da saura alhali wayoyin ciki sun karye tun a ƙasar da ta fito. Ƙullutu a gefe, tsattsagewa a gindin zane, ko baƙin garin roba a ciki, duk alamar ta gama.

Alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki ta ƙasashen sanyi ce. Kada a ƙara maka kuɗi a kanta.

Guda nawa za a canza

Huɗu tare, in da hali biyar har da safaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, girma ɗaya. A Prado da Land Cruiser 200 ƙafafun huɗu kullum a haɗe suke da injin. Idan tayoyin gaba da na baya suka bambanta a tsayi, giyar tsakiya ce ke ta aikin daidaita su ba hutu. A Hilux da 79, da zarar an sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya sun kulle, sai bambancin ya koma ɗaurewa a farfela da giya. Sabuwar A/T zurfin zanenta tsakanin milimita 10 ne zuwa 13, don haka sabuwa da suɗaɗɗiya ma ba tsayinsu ɗaya ba ko da lambarsu ɗaya. In aljihu bai kai ba sai biyu, a sa sababbin a baya, kuma kada a taɓa haɗa iri biyu a aksil ɗaya.

Ranar ɗaurawa a canza bawul, a yi balansin, a yi alaimen. Noti a ɗaure shi tsallake-tsallake da sifanar awo daidai adadin da littafin motar ya faɗa, ba yaron shago ya hau kan bututu yana tsalle ba, domin haka ake tsinke bol. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya tayoyin, a shigar da safaya cikin zagayen.

Iska

Ka mallaki gejinka da famfon da ke aiki da batirin mota. Buga taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne. A auna da safe kafin motar ta motsa. Bayan tafiya a zafin Afrilu iska takan ƙaru da 4 psi ko fiye. Kada a rage ta, in tayar ta huce za ta koma daidai.

A burji mai gargada, saukewa zuwa 26 ko 28 psi tare da rage gudu yana sa tayar ta rungumi tsakuwa maimakon ta fashe a kanta. A rairayi mai laushi irin na Yusufari da Machina, 16 zuwa 20. Ƙasa da 15, kwana ɗaya mai kaifi na iya zare bakin taya daga rim, iskar ta fice gaba ɗaya. Mota mai lodi ba ta sauka ƙasa kamar wadda ba kaya. A tsaya a saman waɗannan adadin. Da an hau kwalta a tsaya a mayar da iska nan take, ba sai an kai gari na gaba ba, domin taya mai 18 psi da ke gudun 100 gefenta na dahuwa daga ciki, kuma ɓarnar ba ta fitowa fili sai ranar da ta fashe.