Darasi na 9: Gano ruɓewar haƙori tun kafin ya yi kogo

Yawancinmu ba ma neman likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci, kunci ya kumbura. A lokacin kuwa aikin gama ya gama, sau da yawa sai dai a cire.

Ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori. In ka sha shayi mai sukari ko alewa, su ma sun sami abinci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali.

Farkon ruɓewa ba baƙi ba ne. Wani farin tabo ne kamar an goga alli, galibi dab da dasashi, kuma ba ya ciwo. A wannan mataki ana iya tsayar da ita ba tare da an fafe haƙorin ba: a rage zaƙi, a riƙa goge baki safe da dare da man da ke da sinadarin fuloraid, ko likita ya shafa irin nasa mai ƙarfi.

To, yaya likita ke gano tabon? Da farko yakan hura wa haƙorin iska ya bushe, domin yawu yana ɓoye shi, sannan ya duba da ɗan madubi. Amma tsakanin turame ido ba ya kaiwa. Nan ne ake ɗaukar hoton eksire: ka ciji wani ɗan kati, wurin da ya fara ruɓewa ya fito da duhu a hoton.

Akwai kuma wata na'ura mai kama da biro, ƙirar Jamus, ana kiran ta DIAGNOdent. Tana haska jan haske a kan haƙori, ta nuna lamba daga 0 zuwa 99. Lamba mai yawa alamar ruɓewa ce. Sai dai rinin haƙori da tsohon datti suna iya ruɗin ta, shi ya sa likitan kirki ba ya fafe haƙori don lamba kaɗai. Ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma rashinta ba dalilin ƙin zuwa ba ne. Madubi da hoto ma suna aiki sosai.

Aikin gida: ki zaunar da yaronki a wuri mai haske, ki ɗaga leɓensa na sama, ki share haƙoran da ƙyalle mai tsabta, ki duba gefen dasashi. Idan ya kai shekara 6, ki leƙa can ƙurya. Turmin farko na girma a nan yake fitowa ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa suna ɗauka haƙorin nono ne, suna jiran ya famfare. In kin ga farin tabo ko baƙi a kansa, ki kai shi asibiti ko da bai ce yana ciwo ba.